Kukan Inji a Fadamun Birnin Kudu da Gwaram

Wanda bai san kudancin Jihar Jigawa ba, in aka ambata masa Birnin Kudu, abin da zai fara zo masa a rai shi ne tsohuwar kwalejin gwamnati wadda ta yaye manyan mutane da dama, ko kuwa zane-zanen shanun nan na jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a tsakiyar shekarun 1950. In kuwa Gwaram aka ce, sai ya tuna da kasuwar Sara, ko duwatsun Fagam da na Farin Dutse. Mu kuwa da aka yanke wa cibi a tsakanin garuruwan nan biyu muna da wata alama tamu wadda matafiyi ba ya kula da ita, watau kukan injin ban-ruwa. Daga watan Nuwamba har zuwa faɗuwar ruwan fari, babu wata fadama a gaɓar Kogin Bunga, ko a bakin rafukan da ke kewaye da Birnin Kudu, da mutum zai tsaya da hantsi bai ji wannan kuka ba, wani daga kusa, wani daga nesa, kamar suna amsa wa juna. A kan wannan ɗan ƙarfe nake so in yi magana, domin rabin kuɗin da ya kawo ni wannan sashe daga bakin mesarsa ya fito, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne a cikin ɗalibai.

Inji baƙo ne a fadamarmu, bai cika shekara hamsin da zuwa ba. Kafin bayyanarsa jigo ne ke sarauta. Kakana, Allah ya jiƙansa, da jigo ya yi noman lambu tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare: gwafa biyu a kafe a bakin ruwa, doguwar sanda a gicciye, dunƙulen laka a gindinta, guga a bakinta. Mutum zai wuni yana sunkuyawa yana miƙewa, amma abin da zai shayar bai wuce 'yan fangulan albasa da tattasai ba. A farkon shekarun 1980, lokacin ƙasarmu tana cikin Jihar Kano, domin ba a ƙirƙiro Jigawa ba sai ranar 27 ga Agusta 1991, hukumar KNARDA da tallafin Bankin Duniya ta shiga yaɗa ƙananan injunan fetur da 'yan rijiyoyin bututu da ake nutsawa a fadama, kamfanin KASCO kuma yana sayar wa manoma da kayan aiki. Shirin Fadama na ƙasa, wanda aka soma a 1993, ya ƙara faɗaɗa abin. Injunan farko 'yan Japan ne, irin su Honda da Robin da Yamaha. Daga baya ne masu kama da su na ƙasar Sin suka cika kasuwar Sabon Gari ta Kano, da araharsu da kuma yalwar kayan gyaransu. Inji mai bakin inci uku, bisa ga lissafin masu ƙera shi, in ruwa na kusa yana iya tura lita 1,100 a minti guda, watau durom biyar da rabi. Mai karatu sai ya kwatanta wannan da gugan jigo.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Jigo in ya karye, gatari da igiyar rama sun isa gyara shi kafin azahar, kuma babu manomin da bai san kansa ba. Inji kuwa ya faɗaɗa gona har ta fi ƙarfin hannu, saboda haka ranar da ya ƙi tashi babu wani guga da zai maye gurbinsa. Dashen tumatir da bai kama ƙasa ba ba ya jure kwana huɗu babu ruwa. Alkama in ta rasa ruwa lokacin da take fitar da kai, ta tafi ke nan, ko da daga baya an malale ta da kogi. Ga taki an ci bashinsa, ga iri, ga kuɗin 'yan ƙwadago. Duk wannan nauyi yana rataye ne a wuyan abin da yaro biyu za su iya ɗauka su aza a kan babur.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda Bahaushe ya karɓi baƙon nan a bakinsa. Sunayen sassansa yawanci aro ne aka yi wa kwaskwarima: fulogi, kafireta, fistin, bawul, salansa, cok, tanki. Wasu kuwa daga gida aka raɗa musu: igiya, fanka, baƙin mai, da kuma mesa, wadda aka ara wa sunan macijiyar nan saboda kauri da yadda take kwanciya a cikin ciyawa. Amma in aka zo kan aikatau, ba a ari ko ɗaya ba. Inji yakan tashi, yakan mutu, yakan yi tari, yakan shaƙe, yakan sha mai, yakan gaji, yakan yi gardama, in kuma abin ya yi muni a ce ya buga. Watau dai Bahaushe ya ɗauke shi tamkar dabba, ya sa shi a layi ɗaya da jaki da takarkari. Wannan fahimta ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin shi ma numfashi yake yi. Fistin ya sauka ya shaƙi iska gauraye da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tunkuɗa shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya fitar da hayaƙi. Wannan tafiya mai hawa huɗu ita ce Bajamushen nan Nikolaus Otto ya daidaita a 1876, kuma ita ce har yanzu ke gudana a bakin Kogin Bunga. Inji mai juyi 3,600 a minti, wuta na kamawa a cikinsa sau 30 a kowace daƙiƙa.

Sai dai a wuri ɗaya kwatancin ya saɓa, kuma nan ne asarar take. Jaki in aikinsa ya ƙare, ana ci gaba da ba shi harawa, ana duba ƙafarsa, ana share turkensa. Inji kuwa ranar da ruwan sama ya sauka, sai a naɗe mesa, a jefa shi a lungun ɗaki tare da ragowar buhunan taki, a juya ga gero da dawa da gyaɗa, ba mai sake waiwayarsa sai kaka ta wuce. A ganina, kuma na daɗe ina lura da haka, injunan ƙasarmu da yawa ba aikin rani ne ke kashe su ba, kwanciyar damina ce.

Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Fetur ba ruwan rijiya ba ne da zai zauna yadda aka bar shi. Haɗin abubuwa ne masu sauƙi da masu nauyi, masu sauƙin su ne ke saurin kama wuta, kuma su ne ke fara tashi su bi iska. Abin da ya rage sai ya yi ta haɗuwa da iska yana kauri, har ya zama wani irin ƙaro mai launin ƙasa-ƙasa, mai wari kamar tsohon fenti. A cikin zafin ƙasarmu wata guda ya isa wannan canji ya soma. Ita kuwa kafireta tana da 'yan ƙofofi waɗanda wasunsu ba su kai kaurin allura ba, ta nan fetur ke bi ya gauraya da iska. Ƙaron nan can yake zuwa ya zauna. Daɗin daɗawa, tankin da aka bari rabi mai rabi iska, laimar damina takan shiga ta yi gumi a jikinsa, ruwan ya gangara ƙasa ya kwanta tunda ya fi fetur nauyi, tsatsa ta biyo baya. Takin zamani da ke gefe yana jan laima yana cin ƙarfe. Ɓera ya sami murfin fanka ya tara tsumma ya yi gida, zanzaro kuma ya liƙe bakin salansa da laka. Wata shida ana wannan ɓarna a ɓoye, mai inji yana can yana murna damina ta yi kyau.

Akwai wani maƙwabcinmu a fadama, sa'an mahaifina ne, mutum mai ƙwazo wanda ba a taɓa jin ya makara da shuka ba. Wata shekara ya ari inji ya jiƙa fangulansa, ya dasa tumatir da wuri domin ya riga jama'a kai kaya kasuwa, da nufin washegari ya ɗauko nasa injin ya ci gaba. Aka ɗauko shi, aka zuba mai, aka ja igiya. Shiru. Ya ja, ɗansa ya ja, ni ma da na zo wucewa na ja, har kafaɗa ta yi tsami, inji ko tari bai yi ba. Aka aza shi a babur sai gari wurin bakanike, na bi su domin in ga ƙwal uwar daka. Bakaniken saurayi ne, bai ko taɓa igiya ba, murfin tanki ya buɗe ya sunsuna.

"Baba, yaushe rabon injin nan da aiki?"

"Tun ruwan fari."

"Da mai a cikinsa kuka kwantar da shi?"

"Ai da gangan na bar masa, ɗana. Cewa na yi kada cikinsa ya bushe."

"To, Baba, abin da kuka bar masa ɗin shi ne ya cinye shi."

Ya kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin kafireta ya miƙa masa. Cikinsa ya yi kore da ja, kamar gindin tsohuwar tukunyar miya. Wankewa ba ta yi ba, domin tsatsa ta riga ta ci ƙarfen, kuma irin kafiretar babu ita a gari, sai da aka ba direba saƙo zuwa Kano. Kwana huɗu aka yi. Kawuna ya riƙa ba shi aron namu da dare bayan mun gama, amma ruwan dare ɗaya bai isa gona biyu ba, fiye da rabin dashen ya ƙone. Ya sake sayen wani ya dasa, tumatirinsa ya nuna daidai lokacin da kowa ya kawo nasa, kwando ya faɗi warwas. Kafireta ba ta kai kuɗin buhun taki ɗaya ba, amma ribar shekara ce ta bi ta cikinta ta fita.

Kawun nan nawa, ƙanen mahaifiyata, shi ne ke riƙe da injinmu, kuma daga gare shi na koyi abin da na sani. Bai yi boko ba, amma ranar kwantar da inji a wurinsa rana ce guda, ba ya haɗa ta da wani aiki. Tun a bakin ruwa yake farawa. Zai sa mesa a ruwa mai tsabta ya bar inji ya ja na ɗan lokaci don ya wanke yashi da laka daga cikin famfo, sa'an nan ya rufe makunnin mai ya bar shi yana aiki har ya shanye abin da ke cikin kafireta ya mutu don kansa. Tun yana da ɗumi zai kwance ƙusar baƙin mai ya tsiyaye tsohon, domin mai ɗumi ya fi gudu kuma yana fita da dattinsa, ya zuba sabo. Na taɓa tambayarsa amfanin sabon mai ga injin da zai kwanta, sai ya ce, "Kai ɗan nan, in za ka yi barcin wata shida, da wanka za ka kwanta ko da ƙurar gona?" Daga baya na gane tsohon mai yana ɗauke da tsami da ruwa waɗanda ke cin ƙarfe a hankali. Bayan wannan sai ya juye fetur ɗin tanki kaf a galan, ya kwance 'yar ƙusar gindin kafireta don ɗigon da ya rage ya fita, ya buɗe toshiyar ƙasan famfo ruwa ya tsiyaye.

Akwai abu biyu da yake yi a ƙarshe waɗanda ban cika ganin wasu na yi ba. Yakan cire fulogi ya ɗiga baƙin mai kamar cikin ƙaramin cokali a ramin, ya ja igiya a hankali sau uku ko huɗu don man ya shafe bangon da fistin ke bi, ya mai da fulogi. Sa'an nan ya sake jan igiya sannu sannu har ya ji ta yi nauyi, sai ya tsaya nan ya sake ta. A daidai wannan wuri bawul biyun duk a rufe suke, laima ba ta da ƙofar shiga. Daga nan sai a ɗora inji a kan katako, nesa da taki, nesa da murhu, a toshe bakin salansa da na famfo da tsumma, a lulluɓe shi da tsohon zane. Leda ba ta shiga wannan aiki, domin tana tara gumi. Mesa kuma a naɗe ta da faɗi a rataye a inuwa, kada ta karye ko rana ta busar da ita. Duka aikin bai fi awa biyu ba.

Amma ko an yi ajiya yadda ta kamata, inji ba ya rasa ranar gardama, kuma a nan ne ake gane wanda ya san shi da wanda ya saya kawai. Wanda bai sani ba yakan yi ta jan igiya da fushi har ta tsinke, ko ya ɗauki sufana ya fara kwance abin da ya fi kusa da hannunsa. Masani kuwa tambaya yake yi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Inji abu huɗu yake nema: mai, wuta, iska, da matsi. Da farko akwai fetur a tanki? Makunninsa a buɗe yake? Makunnin wuta fa? Kada mai karatu ya yi dariya, na ga an kai inji har gari a kan wannan. In waɗannan sun yi daidai sai a cire fulogi a dube shi, domin shi ne ɗan rahoton abin da ke faruwa a ciki. In ya fito jiƙe da fetur, mai na zuwa har ya yi yawa, sai a buɗe cok, a shanya shi, a ja igiya babu shi don ciki ya sha iska. In ya fito a bushe ƙayau bayan an sha ja, to mai ba ya isowa. Baƙi mai gari kamar kunkunniya yana nuna iska ta yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na haurowa, watau zobban fistin sun gaji. Fari fat yana nuna zafi ya yi yawa, mai ya yi kaɗan. Lafiyayye launin ƙasa yake, kuma tazarar bakinsa tsakanin milimita 0.7 ne da 0.8. Don gwada wuta sai a mai da fulogin kan wayarsa, a jingina gindinsa da jikin inji nesa da ramin, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake nema.

Akwai wata dabara ta bakanikai da ke raba gardama nan take. A ɗiga ɗan fetur kaɗan a ramin fulogi, a ɗaure, a ja. In inji ya tashi na 'yan daƙiƙu ya mutu, an wanke wuta da matsi daga zargi, laifin yana tsakanin tanki da kafireta. Haka kuma injin da ba ya zama sai an bar cok a rufe, ko mai kuka yana hawa yana sauka kamar mai haki, duk ƙofar kafireta ce ta toshe. Silin waya guda daga cikin wayar birkin keke ake zarowa a zura a hankali. Allura ko ƙusa ba su dace ba, domin in ƙofar ta buɗe fiye da ƙima inji zai koma mashayi, yana baƙin hayaƙi har ƙarshen ransa. Matsi kuwa hannu ke jinsa: igiyar da ta zo salalau babu turjiya, ciki ya lalace ke nan, sai a haƙura a tafi gari. Mutanen da kakanninsu suka gano duwatsu masu amo a Birnin Kudu suna kaɗa su, bai kamata a ce kunnensu ya kasa bambanta kukan lafiya da na ciwo ba, kuma hakika tsofaffin masu lambu daga nesa suke cewa injin wane ya kusa kwanciya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganar baƙin mai. Cikin injin GX160 da masu kama da shi bai wuce lita 0.6 ba, bai ma cika kwalba ba. Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce a canza bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100. Manomin da ke ban-ruwa awa takwas a yini, cikin kwana goma sha uku ya cinye awa ɗarin nan. Amma sau nawa ake canzawa? Da yawa sai dai ƙari, a zuba sabo a kan tsoho, wani lokaci ma wanda ake ƙarawar an riga an tsiyaye shi daga wata mota aka ɗura a kwalba. Injunan zamani da yawa suna da wata na'ura da ke kashe su in mai ya yi ƙasa, ko in an ajiye su a karkace a gangaren rafi. Maimakon a gode mata, sai a ce tana da fitina, a sa a cire wayarta. Wannan daidai yake da mutum ya kori karen da ke haushi don ɓarawo ya samu ya yi aikinsa cikin natsuwa. Injin da aka yi wa haka ba ya ƙara gargaɗi, ranar da mai ya ƙare sai dai a ji ƙara ɗaya, ya buga.

Ƙurar hunturu ita ma tana da nata rabo. Soson da ke tace iska yakan toshe cikin 'yan kwanaki in hazo ya sauka, inji ya fara baƙin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu. Maganin ruwan sabulu ne, a shanya, a ɗiga ɗan mai a matse. Wasu kuwa cire shi suke yi su yar, su ce inji ya samu numfashi. Ya samu kam, tare da yashin da zai goge masa ciki.

Wani lokaci kuma inji lafiyarsa lau, yana kuka kamar ya tsage, amma ruwa ya ƙi zuwa. Nan laifin famfo ne ko na mesa. Famfo ba ya jan iska, dole a cika cikinsa da ruwa kafin a tayar, in kuwa aka bar shi yana juyi a bushe, abin da ke tsare ruwa a jikin sandar fanka zai ƙone cikin ɗan lokaci. Huda ƙanƙanuwa a mesar ja, ko ɗaurin da bai kama ba, ya isa ya hana ruwa hawa, shi ya sa ba a raba mai lambu da tsohuwar robar tayar babur. Sai kuma iyakar da Allah ya yi wa abin. Ba famfo ne ke jawo ruwa da ƙarfinsa ba, nauyin iskar sama ne ke danna shi ya hau, kuma wannan nauyi ko a lissafi bai wuce ya ɗaga ruwa mita goma da 'yan kai ba, a aikace kuwa bakwai zuwa takwas ne. Saboda haka in bazara ta matso, a watan Maris da Afrilu, ruwan ƙasa ya yi nisa, ko sabon inji ba zai kawo shi ba. Manoma kan haƙa rami a gindin bututu su saukar da inji don ya kusanci ruwa. Dabara ce mai kyau, amma hayaƙin fetur yana ɗauke da guba marar wari wadda ke taruwa a wurin da iska ba ta ratsawa, ba a zama a ramin inji yana aiki, kamar yadda ba a kwana ɗaki ɗaya da janareto.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoba 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Injin da ke shan fiye da lita guda a awa ya zama baƙon da ya fi mai gida ci. Wannan ya canza halayen mutane ta hanyoyin da suka shafi lafiyar injin kansa. Wanda a da zai zubar da ɗan tsohon mai, ya koma adana shi har ya lalace. Wanda ke nesa da gidan mai ya dogara ga 'yan bumburutu, jarkokinsu kuwa ba kullum suke da tsabta ba, shi ya sa Kawu ba ya zuba mai sai ta mazurari da ƙyalle a bakinsa, kuma yakan bar galan ya zauna tukuna don ruwa ya kwanta a gindi. Tara fetur a cikin gida ma ya ƙaru, kusa da yara da murhu. Wanda ya ji abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a daren 15 ga Oktoba 2024, inda tankar mai ta kama da wuta ta hallaka fiye da mutum 150, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da fetur ke iya yi.

Tsadar ce kuma ta sa masu lambu da yawa suka juya injunansu zuwa gas ɗin girki. Ana canza kafireta a sa mai hanya biyu, a jawo tiyo daga tukunyar gas, sai ka ga tukunyar da aka sani a ɗakin girki tana zaune a bakin rafi an rufa mata ganye saboda rana. Gas ba ya barin ƙaro a kafireta, baƙin mai ma ya fi daɗewa da tsabta, amma yana bukatar a riƙa duba bawul, a kuma riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo don gane yoyo, kumfa ce ke tona shi. Masu hali kuma sun sayi famfo mai aiki da hasken rana, wanda ba ya kuka ko kaɗan, har fadamar da ya yi yawa a cikinta takan yi wani irin shiru da kunnena bai saba da shi ba.

Mu ma mun haɗa kuɗi da 'yan uwa mun sayi na hasken rana, amma ba mu rabu da na fetur ba. Ranar da hazo ya rufe sama ruwan sola ba ya kai ƙarshen gona, kuma da dare ba ya aiki sam. Sai ya zama tsohon injin yanzu yakan yi mako biyu ko uku a tsakiyar rani ba a taɓa shi ba, sa'an nan a neme shi da gaggawa ranar da alkama ta fara lanƙwasa. Watau kwanciyar da a da sau ɗaya yake yi a shekara, yanzu yana yin ta sau biyar ko shida. Saboda haka Kawu ya kafa sabuwar doka ga duk yaron da aka aika fadama: ba a kashe inji da makunnin wuta. Makunnin mai ake rufewa, a tsaya a kansa minti ɗaya ko biyu har ya shanye na cikin kafireta, kukansa ya hau, ya yi tari sau biyu, ya mutu, sa'an nan a kwance mesa.